Yadda Barmini Ya Hutar da Mai Shara

A layin masu kayan gini akwai wani mai shagon kayan famfo da mutane suka manta sunansa na yanka tun ranar da aka laƙaba masa Barmini. Dalili kuwa, ba a taɓa ambaton wata matsala a gabansa bai dafa ƙirji ya ce "bar mini" ba. Mota ta ƙi tashi, bar mini. Miji da mata sun saɓa, bar mini. Kuma duk abin da aka bar masa, sai an nemo wanda zai gyara gyaran. Mutumin kirki ne, wannan ko wanda ba ya son sa ya shaida. Sai dai kirkin nasa irin wanda in ka hango ya nufo ka ne gara ka tsallaka titi.

Da zafi ya tsananta a wannan shekarar, babbar 'yarsa, wadda ke aiki a wani gidan abinci, ta kama wa iyayenta ɗaki a wani otal na bakin teku, su je su sha iska na mako guda. Ranar tafiya tana taya uwar zuge jaka ta ce:

"Baba, roƙona ɗaya ne. Ma'aikatan can ka kyautata musu. Lokacin hutu ne, baƙi sun yi yawa, a tsaye suke wuni. Na san abin da nake faɗa."

Barmini ya ajiye kofin shayinsa. "Ni za ki koya wa zama da ma'aikatan otal? Otal nawa na kwana kafin a haife ki?"

"Nawa?" in ji matarsa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Maman yara, ba da ke nake ba."

Gaskiyar magana, iyakar abin da ya taɓa haɗa shi da otal shi ne wata rana da ya kai kawunan famfo ta ƙofar baya, aka ba shi ruwan sanyi. Amma maganar 'yar ta riga ta shige shi. Tun a mota ya ƙudurta cewa zai zama baƙon da otal ɗin bai taɓa ganin mai kirkinsa ba, wanda ma'aikata za su yi ta ba 'ya'yansu labarinsa.

"Kafin mu dawo," ya ce wa matar, "sai sun rataye hotona a bakin ƙofa."

"Allah ya sa ba don a hana ka shiga ba."

Suna sauka wani ƙaton mai ɗaukar kaya ya taho da fara'a ya kama babbar jakarsu. Barmini ya yi wuf ya riƙe ɗaya gefen.

"Saki, ɗana. Kai ma mutum ne. Tun safe kake ɗauka."

"Aikina ne, Baba."

"Yau ka huta."

"Baba, manaja yana kallo."

Wannan ya ja, wancan ya ja, jaka ta ga ba za ta iya ba ta yage daga baki har gindi. Singiletoci, gajerun wanduna, man zafi, silifas, duk suka watsu a tsakiyar falon karɓar baƙi. Wani wando mai ɗigo-ɗigo ya sauka daidai kan takalmin wani dattijo da ke zaune yana karanta jarida. Dattijon ya sauke jaridar, ya dubi wandon, ya dubi mai wandon, ya mayar da jaridar fuskarsa. Aikin da mai ɗaukar kaya zai gama a tafiya ɗaya sai ga shi yana rarrafe ƙarƙashin kujeru yana tsintar safa.

A kan matattakala Barmini ya ce, "Kin ga yadda idonsa ya ciko? Ba a saba yi musu haka ba."

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai gyaran ɗakunan hawansu ce, wata siririyar mace 'yar kimanin shekara talatin, ta turo kekenta na aiki ɗauke da tawul da sabulu da bokiti. Ta gaishe su da ladabi. Maman yara, da yake mai jan mutane ce, kafin a cire rigar filo ɗaya ta ji labarinta kaf. Sabuwa ce, tana cikin watan gwaji, kuma a ƙarshen makon nan manaja zai yanke ko a riƙe ta ko a sallame ta. Mijinta ya faɗo daga kan gini ya karye, yana gida a kwance, ga yara biyu. Aikin nan shi ne cinsu da shansu.

"Shi ya sa nake kaffa-kaffa, Mama," ta ce. "Manaja ya ce ko ƙorafi ɗaya ya ji daga baƙo, shi ke nan."

Duk wannan bayani, abin da ya shiga kunnen Barmini ɗaya ne: baiwar Allah tana wahala. Ya miƙe ya nannaɗe hannun riga.

"Kawo sandar nan."

"Wacce, Baba?"

"Ta goge ƙasa. Bar mini. Zauna nan."

"A'a, Baba, don Allah, ba a yarda mu zauna a ɗakin baƙi ba."

"Ɗakina ne ko na manaja? Na ce ki zauna."

Ya karɓe sandar, ya tura mata kujera har ta bugi bayan gwiwarta ta zauna ba shiri, ya haɗa shayi ya danƙa mata. Maman yara ta ce ya bar yarinya ta yi aikinta, ya ce mata ba ta san otal ba. Ya tsoma tsumma a bokiti, bai matse ba, ya shiga shafe ɗaki da ruwa yana 'yar waƙarsa.

A daidai lokacin manaja ya zo wucewa. Wani ɗan tsamurmurin mutum ne cikin kwat, mai fuska biyu: ta baƙi mai haƙora a waje, ta ma'aikata kuwa ko ƙuda ba ya sauka a kanta. Ƙofa a buɗe take. Ya leƙo ya ga ma'aikaciyarsa a kan kujera da kofin shayi, baƙo mai furfura kuma yana duƙe yana goge ƙasa.

"Yallaɓai, lafiya dai?"

"Lafiya lau! Kullum haka nake yi in na sauka a otal."

Manaja ya yi wa Barmini fuskar baƙi, ya juya ya yi wa mai shara ɗayar. Ta ajiye kofin ta miƙe. Da ta fita sai da Maman yara ta ji muryar manaja ƙasa-ƙasa a ƙarshen baranda, ta kuma ji "yi haƙuri, yallaɓai" har ba adadi.

"Ka ja mata faɗa," ta ce wa mijin.

"Yaba mata yake yi. Ke ba ki san yadda manajoji ke yabo ba."

Don kada ta sake wahala, Barmini ya ɗauki ɗan kwalin nan da ake ratayewa a ƙofa don kada a dami mai ɗaki, ya rataye, ya ce ba mai cire shi har su tafi. Da safe mai shara ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana murza hannu.

"Baba, ko zanen gado in canza?"

"Je ki huta, 'yata!" ya amsa daga ciki.

"Baba, ana dubawa fa."

"Ki ce ni na ce."

Zanen gadon kuwa shi ya yaye shi da kansa, ya jiƙa a bahon wanka, ya zazzage sabulun wanke gashi kwalba biyu a kai. Da ya ga ruwa ya yi saura, kuma shi ba mai son asara ba ne, sai ya jefa jan mayafin Maman yara a ciki, tana can bakin ruwa tana kallon jiragen kamun kifi. Farin zanen otal ya fito launin cikin kankana. Barmini ya ɗaga shi ya duba ta nan, ya duba ta can, ya yanke cewa in ya bushe zai koma. Ya shanya shi a ƙarfen barandar ɗakinsu.

A ƙasan barandar, kamar an aiko shi, dattijon nan mai jarida ne a kan kujerarsa. Ɗigo na farko ya sauka a shafin wasanni. Na biyu a kan sanƙonsa. Ya shafa, ya ga ja a yatsa, ya miƙe tsaye a firgice.

"Kai mai bene! Yanka kuke yi a sama?"

"Wanki ne, ɗan'uwa! Taimakon ma'aikata nake yi. Kai ma da za ka koya."

"Ni hutu na zo."

"Su kuma fa? Ba mutane ba ne?"

Kafin mai jarida ya samu amsa iskar teku ta taso, ta ɗauke zanen ɗungurungum, ta yi sama da shi, ta shimfiɗa shi a kan tafkin wanka, daidai kan wata mata mai ƙiba da ke koyon iyo. Ihun da ta kurma sai da masu girki suka fito da ludayi a hannu. Aka tsamo mata, aka tsamo zane, manaja ya duba lambar da ke bakin zanen, ya aika a kira mai sharar hawa na biyu. Ta tsaya gabansa kai a ƙasa. An koya musu tun ranar farko cewa baƙo ba ya laifi, don haka ba ta ce komai ba sai haƙuri.

Barmini yana hango su daga sama ya ɗaga mata hannu.

Da Maman yara ta dawo ta ga mayafinta ya koɗe, ta zauna bakin gado ta yi tagumi.

"Baban yara, don girman Allah, ka zauna wuri ɗaya. Hutu aka kawo ka."

"In zauna ina kallo ana bauta mini? Ba tarbiyyata ba ce."

"To ka ce musu sannu, ka kwashe takalmanka daga hanya. Ya isa."

"Sannu!" Ya yi dariya har da buga cinya. "Sannu ai kowa ma ya iya."

Ana haka famfon banɗakinsu ya fara ɗiga. Ɗigo ne ɗan kaɗan, wanda ba ya hana kowa barci. Mai shara, da ta samu Maman yara ta buɗe mata ƙofa a ɓoye don ta canza tawul, ta ji ƙarar ta ce bari ta kira mai gyaran famfo na otal, yanzu zai zo. Barmini ya fito daga baranda kamar an taka masa wutsiya.

"Famfo? A gabana za a kira wa famfo wani? Kin san sana'ata kuwa? Bar bawan Allah ya huta."

"Baba, doka ce, in mun ga ɗigo mu faɗa."

"Ba ki gani ba. Ni na gani."

Ya tura su waje su biyun, ya murɗa makulli. A nan ya kamata a faɗi wani abu da duk layin masu kayan gini suka sani: Barmini sayar da famfo yake yi, bai taɓa ɗaura ko ɗaya ba. Na gidansa ma maƙwabci ke gyarawa. Sifana babu, don haka ya nemo cokalin shayi da abin yanke farce, ya cire wani ƙarfe da ya ga kamar ba shi da amfani. Ɗigo ya tsaya. Ya yi murmushi. Sai kan famfon ya yi tsalle ya bugi silin, ruwa ya biyo shi da ƙarfin da ya zaunar da Barmini cikin baho.

Ya toshe da tafin hannu, ruwa ya fita ta tsakanin yatsu ya shiga hancinsa. Ya toshe da tawul, tawul ya tashi. Ya zauna a kai, nan ma bai daɗe ba.

"Baban yara, buɗe ƙofa!"

"Na kusa gamawa!"

"Ruwa yana fitowa ta ƙarƙashi!"

"Na gwaji ne!"

Kafin ya yarda ya buɗe, silifas ɗinsa sun riga shi fita, suna iyo a baranda. Ruwa ya bi matattakala yana sauka hawa-hawa, ya kuma samu wata kafa a daɓe ya zuba a ɗakin ƙasa, inda mai jarida ya gudu don ya tsira daga barandar sama. Mai gyaran famfo ya zo da gudu ya kashe ruwan hawan gaba ɗaya. Barmini ya fito sharkaf, riga ta manne da tumbi, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa famfon da kansa ya fashe, kuma ba don Allah ya sa akwai masani a ɗakin ba da yanzu otal ɗin yana cikin teku.

Kwashe ruwan kuwa a kan mai shara ya faɗa. Tun azahar take duƙe tana tsane daɓe tana matsewa a bokiti, har rana ta yi sanyi. Barmini ya fito ya same ta ta dafa bango tana miƙe baya, ƙafafunta sun yi fari don jiƙa. Tausayi na gaske ya kama shi, har ya ji ƙwalla. Ya ce a ransa wannan zalunci ba zai ci gaba yana raye ba, ya gangara ofishin manaja.

"Manaja, na zo ne kan yarinyar nan ta hawanmu."

Manaja ya miƙe, haƙora a waje. "Me ta kuma yi, yallaɓai?"

"Ni dai na gani da idona, kuma ba zan iya ci gaba da gani ba. Tun da muka zo, gadona ni nake gyarawa. Ƙasa ni nake gogewa. Zanen gado ni na wanke. Amma duk da haka je ka ga yadda take a sama yanzu, ta jingina da bango. Ku hutar da ita."

"Mu hutar da ita, yallaɓai?"

"Yau ɗin nan."

"Gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya mana, ana rabi ne? Kada in tashi gobe in gan ta da bokiti a ƙofata. In na gan ta, ni da kai ne."

"An gama, yallaɓai. Ka yi haƙuri da abin da ya faru."

"Ba komai. Gyara kayanka nake taya ka."

A bakin Barmini, hutu shi ne mutum ya miƙe ƙafa ya sha shayi. A bakin manaja kuwa, in an hutar da ma'aikaci, to ya ajiye rigar aiki ya kama hanyar gida. Suka yi musabaha, kowa yana ganin ya fahimci ɗan'uwansa sarai.

Da gari ya waye Barmini ya leƙa baranda bai ga keken shara ba, daɗi ya cika shi. Ya sa rigarsa mafi kyau ya sauka ɗakin cin abinci, Maman yara kuwa ta ce za ta ɗan taka zuwa bakin ruwa tukuna. Ɗaki ya cika da baƙi, ana ta shayi da ƙwai da burodi. Barmini ya ga taro irin wannan bai kamata ya tashi a banza ba. Ya miƙe ya buga cokali a jikin kofi.

"Jama'a, ku ba ni aron kunnuwanku. Ni mutum ne da ya zaga otal-otal, manya da ƙanana."

"Allah ya jiƙan otal-otal ɗin," in ji mai jarida daga teburin kusa.

"Kuma abin da na koya shi ne, ma'aikaci ɗan adam ne. Jiya na ga wata baiwar Allah ta gaji, ban yi shiru ba kamar wasu masu ɓuya bayan jarida. Na taka har ofis. Yanzu haka da nake muku magana tana gida ta miƙe ƙafa, albarkacin bakina."

Wasu baƙi biyu da ba su san shi ba suka fara tafi. Tafin bai yi nisa ba Maman yara ta shigo, riƙe da hannun mai shara. Ba rigar aiki a jikinta, kayan gida ne, da 'yar jaka a hammata, idanunta sun kumbura. A ƙofar baya Maman yara ta tsince ta, ta zo mayar da rigar aiki.

"Ga ta nan ma!" in ji Barmini. "'Yata, ya hutu? Ai da kin yi zamanki a gida."

Mai shara ta dube shi. Duk ladabin da aka koya mata ya riƙe ta har makon ya kusa ƙarewa, amma yanzu ba ta da aikin da za ta kare.

"Baba, me na yi maka?"

Ta matso gabansa ta ci gaba.

"Na gaishe ka ban gaishe ka daidai ba ne? Na roƙe ka in yi aikina ka hana. An yi mini faɗa saboda kai na yi shiru. Shi ne za ka je ka ce a kore ni? Me zan je in gaya wa mai gidana yana kwance?"

"Kora? Wa ya ce kora?" Barmini ya juya yana neman manaja, wanda ya riga ya iso da sauri. "Kai! Ce maka na yi ka hutar da ita!"

"Mun hutar da ita, yallaɓai. Gaba ɗaya, yadda ka ce."

"Hutu nake nufi! Hutu irin na hutawa!"

"Ka ce kada ka sake ganinta da bokiti."

"Don ta gaji!"

"Ka ce kai kake gyara gadonka, kai kake wanki."

"Don ina so!"

Manaja ya gyara kwat. Shi ma ba ya son a ce ya yi kuskure a gaban baƙi. "Ko ma dai yaya ne, yallaɓai, akwai maganar famfo. Tana shiga ɗakin, ta ga ɗigo ba ta faɗa ba har ya fashe da kansa, kamar yadda ka shaida wa kowa. Wannan kaɗai ya isa sallama."

Nan fa ido ya raina fata. Barmini ya dubi baƙin da ya gama gaya musu shi masani ne. Ya dubi Maman yara, ta harɗe hannu tana jira. Ya buɗe baki da niyyar ya ce famfunan zamani ba su da ƙwari, sai idonsa ya sauka kan 'yar jakar da ke hammatar mai shara, da yadda ta ƙanƙame ta da hannu biyu. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba.

"Ta faɗa," ya ce a hankali.

"Ɗaga murya, masani," in ji mai jarida. "Ɗazu har waje ake jin ka."

"Na ce ta faɗa! Ta ce za ta kira mai gyara, na kore ta na kulle ƙofa. Ni na kwance famfon."

"Da me?" in ji Maman yara.

"Wannan ba ya cikin magana."

"Da me, Baban yara?"

"Da cokalin shayi."

Matar nan mai koyon iyo ta ƙware da shayinta.

Barmini ya juya wajen manaja ya ci gaba. "Shayin da ka gan ta da shi, ni na zaunar da ita dole. Zanen gado ni na rina. Kwalin ƙofa ni na rataye, kullum tana zuwa tana roƙo ina korar ta. Famfo kuma, sayarwa nake yi, ban taɓa gyara ko ɗaya ba."

"Saura otal-otal," in ji Maman yara.

Barmini ya sunkuyar da kai. "Wannan ne na farko."

Dariyar da ta ɓarke sai da kofuna suka yi ƙara a kan tebura. Mai ɗaukar kaya, da ya leƙo daga ƙofa, ya juya baya kafaɗunsa na girgiza. Barmini ya baro teburinsa. Ya matsa gaban manaja, murya ta sauka, ba dafa ƙirji.

"Ka mayar da ita, don Allah. In korar wani za a yi, ni ya kamata a kora."

"Na goyi baya," in ji mai jarida.

Manaja ya dubi mai shara, kamar yau ya fara ganinta. "Duk wannan ya faru, ba ki ce mini komai ba?"

"Kai ka ce baƙo ba ya laifi, yallaɓai."

Manaja ya sosa ƙeya. Ya aika aka ɗauko rigar aikin, ya miƙa mata da hannunsa. "Karɓi. Kuma maganar gwaji ta ƙare. Wadda ta jure wa Baba har yau ba ta ɗaga murya ba, babu baƙon da zai gagare ta."

Ta rungume rigar, hawaye na zuba tana dariya. Barmini ya ga dama ta samu, ya ɗan miƙe wuya.

"To kun gani, ashe dai bakina ne ya..."

"Zauna," in ji Maman yara. Ya zauna.

Mai shara ta share ido ta matso. "Baba, na yafe. Amma ina da roƙo."

"Faɗi ko mene ne, 'yata."

"In na ƙwanƙwasa, ka fita."

Haka kuwa aka yi. Da hantsin nan aka ajiye wa Barmini kujera a baranda, ya zauna ya matse hannuwansa tsakanin gwiwoyi, Maman yara na gefensa tana gadi. Ta ƙofar da ke buɗe yana kallon yadda mai shara ke kaɗa zanen gado sau ɗaya ya kwanta sumul, abin da shi yakan yi gumi a kai ya ƙare da ƙulli a tsakiya. Sau biyu ya ɗaga gindi daga kujera, sau biyu aka yi masa gyaran murya ya koma. Ba a jima ba ta fito tana tura kekenta, ɗaki na ƙamshi a bayanta. Ta tsaya a gabansa, ta ɗan rusuna, bakinta na son yin dariya.

"Sannu da hutawa, Baba."

Barmini ya ja numfashi, jawabi guda cur ya taso masa har maƙogwaro. Ya haɗiye shi.

"Yawwa, 'yata. Sannu da aiki."